Uban Ranar Suna

A wani daren Laraba cikin damina, ina tsakiyar gabatar da shirinmu na Hausa na kiran waya, maudu'in ranar kuwa shi ne raka mata awon ciki, sai wani dattijo ya bugo daga wani ƙauye ta wajen Doka. Bayan sallama da doguwar gaisuwa irin ta manya, sai ya ce da ni: "Ɗana, tun kana goye nake sauraron rediyo, ban taɓa jin namiji da gemunsa ya zauna yana ƙirga wa duniya watannin cikin mace ba sai yau. 'Ya'ya goma sha huɗu aka haifa mini, ban san ƙofar ɗakin awo ba, kuma babu ko ɗaya da na kasa yanka wa rago. Ka bar wa mata zancen mata."

Na ce: "Baffa, Allah Ya ƙara girma. Duka goma sha huɗun suna raye? Iyayensu mata fa, suna lafiya?"

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can sai ya ce: "Tara ne a raye. Uwargidana kuwa wajen haihuwa ta tafi. Kwananta ne ya ƙare."

Na yi masa ta'aziyya, muka rufe shiri. Amma maganar ba ta bar ni na yi barci ba, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ba ina neman tozarta Baffa ba ne. Shi ya yi ƙuruciyarsa lokacin da babu kwalta, babu waya, babu asibiti kusa. Da mu nake, mu 'yan shekara talatin da arba'in, masu waya a aljihu, masu tura kuɗi ta Bankak cikin ƙiftawar ido, waɗanda muka gaji maganar Baffa ba tare da mun gaji uzurinsa ba.

Akwai wani irin uba da ya yi yawa a cikinmu, ni ina kiransa uban ranar suna. Wata tara ba a ganinsa. Bai san ranar awo ba, bai san abin da likita ya ce ba, bai san ko matarsa tana iya cin abin da ake dafawa ba. Daren naƙuda yana wajen masu shayi ko yana barci a diwan, sai da safe a yi masa albishir. Amma ranar bakwai, sai ga shi fes cikin sabuwar jallabiya da rawani, ga rago mai ƙaho, ga dabino da alawa, yana karɓar barka kamar shi ya yi wahalar. A wurinsa ubanci yana farawa ne daga wuƙar mahauci. Abin da nake son faɗa a wannan rubutu shi ne ubanci yana farawa tun ranar da ciki ya shiga, kuma rashin fahimtar haka yana kashe mana mata da jarirai.

Ni ma na taɓa zama shi

Kafin wani ya ce na hau mumbari ina nuna mutane da yatsa, bari in fara da kaina. Lokacin cikin ɗanmu na fari, mai ɗakina ta shiga wata na takwas tana kukan ciwon kai. Ƙafafunta suka kumbura, zoben hannunta ya daina fita, fuskarta ta cika. Manyan mata a gida suka ce ai haka cikin fari yake. Ni kuma na karɓa, domin maganar ta yi mini daɗi, ba ta buƙatar in tashi daga inda nake zaune. Duk ranar awo ina ba ta kuɗin raksha, in tafi aiki. Ban taɓa cewa ta miƙo mini katin in duba ba. Ni da difloma ta aikin jarida, ni da nake karanta wa jama'a sanarwar ma'aikatar lafiya da bakina.

Wani dare sai ta faɗi tana jijjiga, tana taune harshe. Abu na farko da aka fara kawowa shi ne garwashi da turaren hayaƙi, wai iska ce. Wata maƙwabciyarmu ungozoma, irin waɗanda muke kira daya a nan, ita ta shigo ta daka mana tsawa ta ce a nemo mota yanzu-yanzu. A asibiti likita ta tsayar da ni ta jero mini tambayoyi huɗu: cikin sati nawa ne, mene ne rukunin jininta, nawa awon jininta ya nuna a zuwan ƙarshe, kuma tana shan maganin da aka rubuta mata? Ko ɗaya ban sani ba. A ranar nan da za ta tambaye ni farashin ƙindar ɗin riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, da na faɗa mata ba tare da na duba takarda ba, domin kullum safe ni nake karanta shi.

Da aka buɗe katin, sai ga shi a rubuce: sati biyu kafin nan an ga jininta ya hau, an rubuta magani, an ce ta dawo bayan mako guda tare da mijinta. Ba ta gaya mini ba. Da ta warke na tambaye ta dalili, ta ce kunya take ji, kuma ta ji ina ƙorafin kuɗi a makon. Allah Ya yi mana sutura, aka yi mata tiyata, ita da yaron suka rayu. Amma na san ba dabarata ce ta tsirar da su ba. Da a ƙauye muke, cikin watan Agusta, da yau wani labarin nake bayarwa, kuma da ni ma na ce kwananta ne ya ƙare.

Makullai suna aljihun wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 287,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara, kuma Nijeriya, ƙasar kakanninmu, ita kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, da doguwar naƙuda. Kusan dukansu ana iya tare su idan an isa hannun masana da wuri.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa mace mai ciki tana mutuwa ne ta hanyar jinkiri iri uku. Na farko, jinkirin yanke shawarar a nemi taimako. Na biyu, jinkirin isa asibiti. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun laifin hukuma ne, kuma zan zo kansa. Amma ɗan'uwa, ka dubi biyun farko da idon basira. A gidan Bahaushe, wa ke ba da izinin fita? Wa ke riƙe da kuɗi? Wa ya san lambar mai mota? Wa zai iya buga ƙofar maƙwabci ƙarfe biyun dare? Duk makullan nan a aljihun maigida suke. To ta yaya mutum zai riƙe makullai, sannan ya ce abin da ke faruwa cikin ɗakin ba ruwansa? Idan zancen mata ne, a miƙa musu makullan. Idan kuwa ba za a miƙa ba, to mai riƙe da su ya zama dole ya san lokacin buɗewa.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Yanzu ka auna awa biyu da ƙasarmu. Kowa ya san baƙar lakar Gadarif. Ita ce arzikinmu, ita ta mayar da jihar nan rumbun dawa da riɗi na Sudan tun da aka fara noman inji a Gadambaliya cikin shekarun 1940. Amma daga Yuli zuwa Oktoba, da zarar ka sauka daga kwaltar Gadarif zuwa Gallabat ko ta Madani, sai tarakta, ita ma sai ƙorama ta janye. Ƙauyukan da ke bakin kogin Rahad da na Atbara, inda Hausawa suke da yawa, wani lokaci sai su yi kwanaki a yanke. Kuma wannan lokacin ne maza suke can gonakin mashru'i, ana noma, daga nan a shiga yankan riɗi.

Manomin riɗi ya fi kowa sanin hatsarin jinkiri. Ya san idan ya bari ya wuce kwanakinsa, kwanson zai fashe, amfanin shekara ya zube ƙasa. Saboda haka tun kafin lokaci ya tanadi 'yan ƙwadago, ya tanadi abincinsu, ya tanadi buhuna, ya kama mai mota. Ban taɓa jin manomi ya zauna a gida ya ce idan riɗin ya zube kwanansa ne ya ƙare ba. Mutumin nan dai shi ne zai tafi daji wata biyu, ya bar mace da cikin wata takwas, babu kuɗi a hannunta, babu izinin fita, wayarsa kuma babu sabis. Idan ta mutu tana jiran izininsa, sai a zauna zaman makoki ana cewa haka Allah Ya so. Na yi imani da ƙaddara kamar yadda kowane Musulmi ya yi. Abin da na ƙi shi ne mu ɗaure raƙuminmu idan maganar riɗi ce, mu sake shi idan maganar mace ce, sannan mu kira sakin tawakkali.

Tsarin da ya ba mu uzuri ya rushe

A da akwai tsari. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta, ga uwa, ga goggo, ga kaka, ga ungozomar unguwa. Namiji ya aika da itacen wanka da ƙauri da kayan yaji, ya koma gefe. Tsarin yana da nasa aibin, amma aƙalla akwai hannuwa da yawa kewaye da mai ciki.

Tun daga 15 ga Afrilun 2023 wannan tsarin ya wargaje wa dubban iyalai. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Makarantu sun zama gidaje, asibitoci sun ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu, ga kwalara da ta ɓarke a jihar tun Satumbar 2023, ga maleriya da kala'azar da dama muna fama da su. Na ga yarinya mai cikin fari a ajin makaranta, uwarta tana Kosti, yayarta tana Masar, babu wanda ta sani a garin sai mijinta. Idan wannan mijin ya ce ciki zancen mata ne, wace macen yake nufi? Ko a gidajen da yaƙi bai taɓa ba, matasa da yawa yanzu haya suke yi su biyu, nesa da dangi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana. Amma idan babu 'ya macen a kusa, ciwon na wanda ya ɗauro aure ne.

Masu cewa kunya

Babbar hujjar da ake kawo mini ita ce kunya. Ina girmama kunya, da ita aka raine ni. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana na fari ba. Amma a yi mini bayani: wace irin kunya ce take hana mutum tambayar matarsa abin da likita ya ce, ba ta hana shi tara maza ɗari ranar suna su shaida cewa an yi cikin? Wace irin kunya ce take hana shi zama a bencin asibiti, ba ta hana shi zama a majalisa ana zancen da bai kamata a maimaita ba? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da ta sa matata ta ɓoye mini kati sati biyu, saura kaɗan ta sa in haƙa kabari biyu.

Kuma a fahimce ni. Ban ce namiji ya kutsa ɗakin haihuwa inda matan mutane suke kwance ba. Wannan haƙƙinsu ne a tsare musu sirrinsu. Tsakanin shiga ɗakin haihuwa da yin barci a diwan akwai fili mai faɗi, a cikinsa nake kiran mu mu tsaya: bakin ƙofa, wurin sayen magani, wurin ba da jini, wurin sa hannu idan an ce sai tiyata. Mata nawa ne suka yi awanni a kan gado ana neman mijin da zai sa hannu?

Masu cewa addini

Wasu kuma sukan ce wannan koyarwar Turawa ce, ƙungiyoyi ne suke son mayar da maza bayin mata. Ina roƙon su buɗe littattafan da ke cikin gidajensu. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban jariri, ya kuma sanya yaye ya zama da shawara da yardar su biyun. A Suratuɗ Ɗalaƙ an umurci miji ya ci gaba da ɗawainiyar mai ciki har ta sauka, ko da ya sake ta. Idan wadda aka saka tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda take cikin ɗakinka?

A shekara ta 2 bayan hijira, Sayyidina Usman bin Affan bai halarci yaƙin Badar ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar shi a Madina ya yi jinyar matarsa Ruƙayya, kuma aka ba shi lada da rabon wanda ya halarta. Jinyar mata ta tsaya a matsayin Badar, amma wani yana ganin ta fi ƙarfin ya bar shago na rabin yini. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzo yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Da Aƙra'u bin Habis ya yi alfaharin cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce a kan rashin jinƙai. Duk wanda ya ce ɗaukar jariri zubar da girma ne, ya san da wa yake jayayya.

Mu da muke alfahari da Sakkwato, mu tuna Shehu Usman Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna fita koyar da na waje. Kuma kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, da waɗanda suka tako da ƙafa suna nufin Makka suka yada zango a ƙasar nan, tafiyar shekaru suka yi da matansu. A hanya aka yi ciki, a hanya aka haihu. Wa kake zaton ya kafa bukka, ya nemo ruwa, ya ɗauki babban yaro a kafaɗa? Ba mu fito daga tsatson mazan da suke gudun ɗawainiya ba.

Masu cewa talauci

Wannan hujjar ta fi sauran nauyi, ba zan raina ta ba. Mai tura baro ko mai sayar da agashe idan ya rasa yini ɗaya, gidan ya rasa abincin dare. Jine ya zube, magani ya yi tsada. Amma mu yi lissafi na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko cikin makonni 12 na farko. Ban ce ka je duka takwas ba. Je na farko, ka je ɗaya a watannin ƙarshe, sauran ka tambaya idan ta dawo. Tambaya ba ta cin ko sisi. Ɗaura gidan sauro ba ya cin ko sisi. Ɗauke mata jarkar ruwa da tunatar da ita ƙwayar ƙarin jini ba sa cin ko sisi. Sannan mutumin da ya ce ba shi da kuɗin awo, shi ne zai ci bashi ya sayi rago mafi girma a unguwa don kada a raina shi. Raɗin suna sunna ce mai kyau, amma malamai sun ce tana kan mai iko. Ran mace kuwa ba ya jiran iko.

'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna cewa talaka ma yana iyawa. A jihar Damagaram, tun 2008, da tallafin Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara abin da suke kira makarantar mazaje. Babu allo, babu albashi. Magidanta ne 'yan ƙalilan da aka yarda da halinsu suke zama lokaci-lokaci tare da ma'aikatan asibitin ƙauye, su duba matsalar masu ciki a garinsu, su fita su yi wa sauran maza magana a masallaci da majalisa. Wasu sun yi gayya sun gyara ɗakin haihuwa, wasu sun gina wa ungozoma wurin kwana. Abin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Hausawa ne irinmu, masu kunya irin tamu. Mu da muke da nafir, muke taruwa mu nome gonar mutum ɗaya a yini ɗaya, me zai hana kowace unguwa ta sami asusun mota da jerin sunayen matasa masu ba da jini?

Rabon hukuma da ma'aikatan lafiya

Ba zan sauke kayan duka a kan maza ba. Na ga magidanci ya raka matarsa awo, mai gadi ya kore shi kamar ɓarawo, ma'aikaciya ta bi shi da habaici, mata suka yi masa dariya. Wannan ba zai sake dawowa ba, kuma zai hana goma zuwa. Benci a inuwa da minti biyar na bayani ga miji ba su fi ƙarfin kowane asibiti ba. Sudan tana da tsohon tarihin horar da ungozoma, tun makarantar Umdurman da Mabel Wolff ta buɗe a 1921. Lokaci ya yi da za a ƙara wa horon darasin yadda ake magana da maigida. Gwamnatin tarayyar Nijeriya a 2021 ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Mu ma muna iya neman irinsa idan ƙasa ta lafa.

Sai dai ina da gargaɗi. Kada wani jami'i ya ji wannan ya kafa dokar cewa ba za a duba mace ba sai da mijinta. An gwada irin haka a wasu wurare a gabashin Afirka, aka wayi gari ana mayar da matan da suka zo su kaɗai. A ƙasar da yaƙi ya cika da zawarawa da matan da ba su san inda mazansu suke ba, irin wannan doka zalunci ce. Haka kuma rakiya ba ta nufin miji ya amshe bakin matarsa, likita ya tambaye ta shi ya amsa. Ka je ne ka ji, ka taimaka.

Bayan an watse daga suna

Aiki bai ƙare da kukan jariri ba. Makonni shidan farko suna da hatsari ga uwa da ɗa, kuma a nan ne muryar uba take da amfani, domin matashiyar mai jego ba ta iya musu da surukarta. Kai ne za ka iya cewa, cikin ladabi, "Inna, a bar shi ya sha dakashin, likita ya ce shi ne rigakafinsa na farko." Kai ne za ka tsaya a kan nono zalla har wata shida, ba tare da ruwan rubutu ko na dabino ba, musamman a garin da kwalara take yawo. Kai ne za ka hana a sa wa cibiya toka, ka hana wanzami taɓa belun jaririn kwana uku. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kunun kanwa da tsananin gashi da wankan tafasasshen ruwa. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, ba wanda ya ce a jefar da al'ada duka.

Ka san ranakun rigakafi: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, da wata 9. A Nuwamban 2024 jiharmu ta Gadarif tana cikin jihohi biyu na farko da aka fara ba jarirai rigakafin maleriya a Sudan. Uba nawa ne suka san haka? Ka ɗauki yaron da dare ta samu ta runtsa. Idan ka ga ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, kada ka ce shagwaɓa ce ko aljanu, akwai ciwon damuwa da ke kama masu jego kuma ana maganinsa. Ka ba ta tazara ta huta. Kakanninmu ma suna ƙyamar rurrutsa, masana kuma suna ba da shawarar a kai shekara biyu kafin wani cikin. Mai mata biyu ko uku ya sani cewa adalci bai tsaya a rabon kwana ba, ya haɗa da wadda take laulayi.

Abin da nake nema

Ga duk magidancin da matarsa take da ciki yanzu, ina roƙon abu biyar kafin ka fita gona ko fatauci. Ka ba ta izini a gaban shaidu cewa duk lokacin da ta ga alama ta tafi asibiti ba sai an neme ka ba. Ka bar kuɗin mota a hannunta, ba a hannun ƙaninka ba. Ka yi magana da mai mota ko mai tarakta tun yanzu. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu da za su bayar. Idan ƙauyenku yana yankewa da damina kuma watanta ya kusa, ka kawo ta gari wurin dangi tun hanya tana biyuwa.

Sannan ka haddace alamomin nan kamar yadda ka haddace farashin dawa: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, fashewar faya kafin lokaci, jariri ya daina motsi, jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12. Ko ɗaya ka gani, ba lokacin turare ba ne, ba lokacin jiran gari ya waye ba ne.

Cikin 'yarmu ta biyu, ni na riƙe katin. Abokai a wajen mai shayi sun sa mini suna mijin daya, na amsa. Ranar da aka haife ta ina bakin ƙofa tun magariba har asuba, kuma ragon da na yanka bai kai na farkon girma ba, babu kuma wanda ya mutu saboda haka. Baffa na wajen Doka, idan wani jikanka ya karanta maka wannan, ina sake yi maka ta'aziyya, ina kuma roƙon ka tara 'ya'yanka maza ka ba su umarnin da ba a ba ka ba a zamaninka. Maganarka za su ji fiye da tawa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.